Daga Agege Zuwa Kurmin Omo: Kariyar Sama Ko Ta Baya?

Kawuna ya yi gemu a harkar goro a Agege, kuma mutanen da ya fi daɗewa yana saye a hannunsu manoma ne da ke zaune a wasu ƙauyuka cikin dajin Omo, a jihar Ogun. A farkon watan Nuwamba, damina ta fara janyewa, goro ya fara fitowa, sai aka aiko masa cewa ɗaya daga cikin dattawan nan ya rasu. Da can motar haya yake shiga ya sauka a bakin titi, ya hau babur ya kutsa kurmin. Yanzu ciwon gwiwa ya hana. Sai ya kira ni da yayana ya ce tunda Allah ya hore mana motocin da ake cewa ba sa tsoron hanya, to ga ranarsu ta zo. Tawa tsohuwar Prado ce, ta Yaya kuma 4Runner ce 'yar tokumbo da aka shigo da ita daga Amurka.

Matsalar ita ce kaya. Mu tara ne har da yaran shagon Kawu, ga buhunan shinkafa biyu na gaisuwa, ga ƙaramin janareta, jarkokin fetur da na ruwan sha, katifu, tabarmi, tamfol, da kwandunan da za a zubo goro. Ko an danna an matsa, but ba zai ɗauka ba. Dole wani abu ya hau sama ko ya koma baya, wato a kan kariya, ƙarfen ɗaukar kaya da ake ɗaura wa mota.

Yaya bai sha wahalar yanke shawara ba. Motocin Amurka da yawa suna zuwa da wani bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin bamba, faɗinsa inci 2, wanda aka yi domin jan tirela. Ya je kasuwar Ladipo ya samo kariyar baya ta hannu a kan naira 95,000: faranti ne na ragar ƙarfe, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi, ana zura hannunsa cikin bututun a soke shi da fil guda. A jikinsa an rubuta yana ɗaukar fam 500, wato kusan kilo 225. Ya dawo yana murna, yana cewa shi ya huta da hawa rufin mota kamar kwandastan danfo.

Ni kuwa na nufi Owode Onirin, kasuwar ƙarafa da ke gaba da Mile 12 a kan titin Ikorodu, wajen wani dattijo mai walda da ake kira Baba, Bayarabe ne amma ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa tar. Na gaya masa ina son irin ta Yaya. Bai amsa ba, sai ya zaga bayan motar ya buɗe ƙofar. Ƙofar bayan Prado gefe take buɗewa, ga safayar taya manne a jikinta.

"Alhaji, in na sa maka kariya a nan, duk sanda kake son ɗauko ko da buta ce, sai ka sauke kaya kaf. Kuma sai na tsawaita hannun don ya wuce tayar nan. Ina za ku?"

Na ce masa dajin Omo, wajen yankin da ake kira J4.

"To, Baba ya gaya maka gaskiya. Hanyar masu katako ce. Sa ta sama, amma ka yi mini alkawari ɗaya: abin da ba za ka iya ɗagawa da hannu ɗaya ba, kada ya hau."

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayanin da har yau nake amfani da shi. Rufin irin waɗannan motoci yawanci kilo 75 zuwa 100 aka ƙayyade masa in mota tana tafiya, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. In an sauka daga kwalta, masu ƙera kariya da yawa suna cewa a rage kusan kashi ɗaya cikin uku, domin duk ramin da mota ta faɗa, kayan sama tsalle suke yi su dawo su daki rufin da ƙarfin da ya ninka nauyinsu. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif. Jarkar fetur mai lita 20 tana kai kilo 15 ban da nauyin jarkar. In ka jera huɗu a sama, ka gama cinye rabonka, ka kuma mai da mota mai nauyin kai. Game da ta Yaya kuma ya ce lambar da aka rubuta a jikin farantin ba ita ce magana ba. Abin dubawa shi ne nauyin da bututun da shasin motar za su iya ɗauka daga sama zuwa ƙasa, kuma duk yadda kaya suka yi nisa da tayar baya, haka suke danne baya suna ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Ya yi mini aikin a kan naira 120,000, da fenti da notuna.

Mun tashi bayan sallar asuba. Na ɗora katifu, tabarmi, tamfol da kwanduna a sama, muka ɗaure da igiya, shinkafa da ruwan sha kuma suka kwanta a ƙasan but, daf da kujerar baya. Wannan lodi kaɗai ya ci mana lokaci: yaro ɗaya a sama, biyu suna miƙa masa, ni ina zagayawa ina jan igiya. Yaya kuwa, kafin mu gama ɗaure katifa ta biyu, ya aza janareta da jarkokin fetur da kula a kan farantinsa, ya ja bel, ya tsaya yana shan shayi. Tsayin farantin bai wuce gwiwa ba. A wannan safiyar, duk wanda ya gan mu zai ce shi ne ya yi dabara.

Muka haye gadar Pen Cinema, muka bi ta Ikeja zuwa Ojota, Ketu, Mile 12, inda motocin tumatir da albasa daga arewa suka riga suka cika bakin kasuwa. Daga Ikorodu muka ɗauki hanyar Itoikin, muka wuce Imota inda babbar masana'antar casar shinkafa ta jihar Legas take, wadda aka buɗe a farkon 2023, muka wuce Agbowa. Da hanya ta buɗe na taka mota, sai na fara jin abin da ban saba ji ba: wani gunji a saman kaina, iska tana dukan kwandunan tana ratsa ƙarafan. Motar ta yi nauyin tashi, kuma duk sanda tirela ta gifta sai na ji an ture ni gefe. Allurar mai ma ta fara sauka da saurin da ban san ta da shi ba. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babu direban da zai ce wannan ƙaramin abu ne. Kayan Yaya kuwa suna ɓoye a bayan jikin mota, iska ba ta ganinsu, yana tafiya shiru abinsa.

Shingen farko da ya tsayar da mu da gaske yana bayan Itoikin. Ni an duba takarduna an ɗaga mini hannu. Yaya ne aka ce ya faka. Jami'in ya zaga baya, ya nuna masa da sanda: janareta da jarkoki sun rufe lambar motar ruf, sun kuma kare rabin fitilar birki ta hagu.

"Oga, ka yi haƙuri, ta'aziyya za mu," in ji Yaya.

Jami'in ya ce ta'aziyya ba ta hana wanda ke bayanka ya buge ka in bai ga birkinka ba. Kuma gaskiyarsa ce. Nan muka kwance lambar da sukundireba, muka ɗaure ta da waya a gefen farantin na baya inda kowa zai gani, muka matsar da jarka daga gaban fitila. A wajen wannan gyaran ne wani yaron Kawu ya lura gefen kular ya narke ya lotsa. Bakin salansa yana hura zafi kai tsaye a wannan kusurwar. Muka kalli juna, domin tazarar da ke tsakanin kular da jarkar fetur ba ta kai taki ɗaya ba. Muka mai da fetur can ɗaya ɓangaren, muka nemo guntun kwanon rufi a wajen wani mai faci muka kare wurin. Duk mai niyyar sa kariyar baya, kafin ya biya kuɗi, ya tsuguna ya duba inda salansarsa take fuskanta.

A Ijebu Ode muka kwana, don Kawu yana da mutanen da zai gaisa da su, kuma ba a shiga kurmi da yamma. Masaukin naira 15,000 ne ɗaki, da fanka da ruwa a bokiti. Ƙofar gidan tana da linta a sama, kayan rufina suka hana ni shiga, sai da muka sauke kwanduna. Motar Yaya ta shiga lafiya, amma ƙyauren ya ƙi rufuwa saboda farantin ya leƙo waje, sai da mai gadi ya sa aka karkata ta. Da dare muka ci amala da miyar ewedu a wata rumfa kusa da masallaci. Garin cike yake da Musulmi, nan ne ake bikin Ojude Oba kwana biyu bayan Babbar Sallah, don haka abin da za ka ci bai zama abin damuwa ba.

Washegari muka hau babban titin Sagamu zuwa Benin, muka yi gabas har mahaɗar J4, muka karya hagu. Akwai shingen ma'aikatan gandun daji, suka tambayi inda za mu, Kawu ya yi musu Yarabanci mai daɗi, suka yi masa ta'aziyya suka ɗage sanda. Dajin Omo sunan kogin Omo ya ci, kuma tun 1977 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne layukan bishiyar malaina a jere, tsaf, kamar an auna da igiya. Shuka su aka yi, tun lokacin da ake sa ran za su ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin. Bayan malaina sai gonakin koko, sai goro, sai kurmi na asali, inda rana ba ta taɓa ƙasa.

Ni mutumin Gumel ne, kuma abin da muke kira muguwar hanya a gida daban yake da wannan ƙwarai. A wajenmu, in ka bar kwalta ka nufi ƙauyukan da ke kan iyaka wajen Maigatari, abokin gabarka yashi ne. Ƙasa shimfiɗe take, sama a buɗe, sai ƙaya da aduwa nan da can. Ka rage iskar taya, ka sa giyar ogzilari, kada ka ɗaga ƙafa, shi ke nan. Shi ya sa motocin kasuwa a can suke yin lodi har ya ninka tsayin motar, mutane su hau kai, kuma su isa, domin babu reshen da zai taɓa su, babu gangaren da zai karkatar da su sosai. A irin wannan ƙasa kariyar baya ba za ta daki komai ba, iyakarta ta sha ƙura, don ƙurar da mota ta tayar a bayanta take taruwa. A Omo kuwa ƙasa jar laka ce mai santsi, hanya hawa da sauka, ƙoramu sun yanka ta ko'ina, manyan motocin gungume sun haƙa mata ramuka biyu masu zurfi sun bar tudu a tsakiya. Sama kuma a rufe take da rassa da igiyoyin daji. Wato hanyar tana cizon mota ta ƙasa, tana kuma cizonta ta sama.

Tawa ce ta fara ji. Rassan koko da na gora suna jan tamfol, kana jin yagewarsa kiiii a saman kanka. Wani reshe ya fizge kwando ɗaya ya rataye shi, sai da muka tsaya yaro ya hau ya ciro. Daga nan muka ɗauki wani saurayi ɗan ƙauyen da ke bakin hanya, da addarsa, yana tafe a gaba a wurare masu duhu yana sare abin da ya sauko. A wani wuri iska ta kwantar da bishiya ta jingina da 'yar'uwarta, ta bar ƙofa a ƙasa. Motar Yaya ta sulale ta wuce. Ni sai da muka sauke katifu da kwanduna, na wuce da kariyar tana goge ɓawon, sannan muka sake ɗorawa. Zufa ta jiƙa kowa, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ba su san gajiya ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wani gangare inda ramin hagu ya fi na dama zurfi nesa. Tayoyin hagu suka faɗa, motar ta kwanta gefe, har na ga laka daf da gilashina. Kawu, da ke zaune a gaba, ya kama hasbunallahu wa ni'imal wakil. Na tsaya, na ce kowa ya sauka ta dama a hankali, yara biyu suka tsaya a kan matakalar dama suka riƙe kariyar don su danne wannan gefen, na sa giya ta ƙasa na rarrafa. Abin da ke samana a lokacin katifu ne da tabarmi da kwandunan banza, amma duk da haka na ji yadda suke jan motar zuwa ramin. Na tuna janareta da jarkokin da ke bayan Yaya, na ce a raina da su ne a can sama, da labarin ya sha bamban. Mota ba ta faɗuwa don ta yi nauyi, tana faɗuwa ne don nauyin ya yi nisa da ƙasa. Na ga mutane da yawa a Legas suna jera jarkoki da safayar taya da akwatin ƙarfe a rufi don ado, su ce shirin daji ne. Wanda ya taɓa ganin laka a gilashin gefensa ba zai yi haka ba.

Ta Yaya ta zo a bakin wata ƙorama. Hanyar tana gangarawa ƙasa sosai, ta ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba, nan take ta miƙe sama. Na wuce, bambata ta baya ta ɗan shafi ƙasa. Yaya ya biyo. Tayoyin gaba suka fara hawa, na baya suka sauka tsakiyar ruwan, sai muka ji ƙarar ƙarfe, gau. Farantin ya zauna daram a kan gangaren da aka sauko, ya ɗage bayan motar, tayoyin baya suna juyawa a banza suna watsa laka. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Dalilin a fili yake in ka tsaya daga gefe ka duba. Mai ƙera motar daji yana gajarta abin da ke bayan tayar baya da gangan, yana kuma ɗaga shi, don in mota ta sauko daga tudu ko ta fara hawa, gindinta kada ya taɓa ƙasa. Kariyar baya tana ƙara wa wannan gindin kusan mita guda, a daidai wuri mafi ƙasa, sannan nauyin da aka aza mata yana danne sifirin ya ƙara saukar da ita. Duk tsayin da ka biya kuɗi ka saya a jikin motar, ka mayar da shi da hannunka. A titi ba za ka taɓa sani ba. Sai ranar da hanya ta lanƙwashe kamar wannan.

Muka tuɓe takalma muka shiga ruwa. Aka sauke janareta, aka ɗauke shi a ka zuwa tsallake, aka kwashe jarkoki, waɗanda laka ta riga ta mai da su ja. Muka sa jak a kan guntun katako muka ɗan ɗaga, Yaya ya zare fil ɗin, mutum biyu suka zaro farantin. Motar ta haye kamar ba ita ba. A nan zan yaba wa kariyar baya da abu ɗaya: fil guda ne tsakaninka da rabuwa da ita. Tawa, notuna takwas ke riƙe da ita, in ta zame maka matsala a tsakiyar daji, sai dai ka yi haƙuri da ita. Amma abin da ya faru a ƙoramar nan ya sake faruwa a gaba, ya kuma faruwa, har hannun farantin ya ɗan lanƙwashe, Yaya ya daina magana. Wasu samari masu ɗauko koko a babur suka tsaya suka taya mu a na ƙarshen, Kawu ya ba su naira 5,000, suka ƙi karɓa da suka ji gidan da za mu, sai da ya rantse.

Mun isa ƙauyen bayan la'asar. Aka yi ta'aziyya, aka yi addu'a, 'ya'yan marigayin suka durƙusa gaban Kawu suna kiransa Baba. Ashe shi ya biya wa babbansu kuɗin makaranta wata shekara da goro ya yi kwantai, bai taɓa gaya mana ba. Aka kawo mana ikokore, faten doyar ruwa da manja da busasshen kifi, abincin Ijebu ke nan na asali, da garin rogonsu mai tsami wanda in ka jiƙa da ruwan sanyi yake kashe ƙishi. Na tarar da 'yan arewa a can ma, samari daga Sakkwato da Kabi, wasu suna sayen goro, ɗaya yana da teburin shayi. Da dare aka tayar da janareta, yara suka taru suna cajin waya, manya suna ba mu labarin giwayen da ke can cikin kurmin, waɗanda sukan fito su yi ɓarna a gona. Kafin na kwanta na hau rufi da sifana, na tarar girgizar hanya ta sassauta notuna uku. Na ɗaure su. Wannan aiki ne na kowace yamma ga mai kariyar sama.

Da safe na ga yadda ake aikin goro tun daga tushe. Mata suna fasa kwanson, su jiƙa 'ya'yan har farar fatar ta yi laushi, su murje, su wanke, su zuba a kwando ya tsane ya yi gumi, sannan a shimfiɗa ganye a lulluɓe. Kawu yana zaune a kujera yana ɗaukar ɗaya-ɗaya yana juyawa, yana ware fari da ja, yana neman ramin ƙwaro. Da aka zo lodi na ce a ɗora wasu kwandunan a sama. Ya dube ni.

"Ɗana, goro ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son warin fetur. In ya hau sama ya bushe, in ya koma baya salansa ta dafa shi. Ciki zai shiga, ko da mu za mu tafi a ƙasa."

Haka aka yi. Goro ya shiga but na motocin biyu, inda shinkafa ta tashi, a ƙasa, tsakanin tayoyi. Kuma a nan ne ya kamata duk wani kaya mai nauyi ko mai daraja ya zauna tun farko. Janareta Kawu ya bar wa gidan marigayin, tabarmi ya ba masallaci, fetur ya shiga tanki. An yi ruwa cikin dare, hanya ta ƙara lalacewa, don haka Yaya bai ko mayar da farantinsa ba. Muka ɗaure shi a kwance a saman kariyata tare da katifu, muka fito. Motarsa ta haye duk ƙoramun nan ba tare da ta taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya.

Da muka taka kwalta muka sauke shi muka soke a wurinsa, muka bi ta Ijebu Ode muka gangara Epe don sayen kifi. A kasuwar kifin da ke bakin ruwa, mata ne ke da ciniki, ga tarwaɗa da karfasa da jatan lande, wasu suna motsi a cikin baho. Muka cika kula da ƙanƙara. A nan kariyar baya ta biya kuɗinta. Kula mai nauyi, mai ɗigar ruwan ƙarni, da takalmanmu da jak da igiyoyi da suka sha laka, duk suka zauna a waje, babu abin da ya kusanci goro, babu wanda ya ɗaga komai sama da ƙugunsa. Da a rufina aka sa ta, da ruwan kifi ya wanke mini gilashi har Agege. A gosulon Ikorodu ne kawai hankalin Yaya ya tashi, domin direbobin danfo suna auna bambar mota ne, ba sa ganin ƙarfen da ke ƙasa, ɗaya har ya goge kusurwar.

Tun da muka dawo mutane a majalisarmu suke tambayata wacce za su saya. Amsata ita ce su fara gaya mini hanyar. In tafiyarka Legas zuwa Kano ce a kan kwalta, ko ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya irin tamu ta gida, kuma ƙofar bayan motarka sama take ɗagawa, kariyar baya ta fi: ba ta shan mai, ba ta karya wa mutum gadon baya wajen lodi, tana raba ka da kaya masu wari da datti. Ka nemi mai hannu lanƙwasasshe zuwa sama, ka kula da salansa da lamba da fitila. In kuwa inda za ka akwai ƙorama da kwazazzabo da ramukan motocin katako, ni ta sama zan zaɓa, da sharaɗin Baba mai walda. Reshe yana yaga tamfol, ya sa ka sauke katifa ka sake ɗorawa, amma bai taɓa hana motata tafiya ba. Farantin Yaya ya tsayar da tasa cak a tsakiyar ruwa, kuma da shi kaɗai ne ba mutane, da can zai kwana.

Yaya ya kai nasa Owode Onirin a satin da ya biyo baya. Baba ya miƙe hannun, ya yanke shi ya sake walda ya ɗaga farantin sama da kusan taki guda, ya manna masa jan ƙyalle mai ƙyalli a kusurwoyi, ya yi wa lamba mazauni. Ya kuma gaya masa kada ya ɗauka an gama, tsawon yana nan, ƙoramar Omo za ta sake kama shi in ya cika masa kaya. Kawu ya ce za mu koma a Disamba in hunturu ya busar da hanya, akwai sauran goro da aka ajiye masa, kuma Yaya ya riga ya tambayi kuɗin kariyar sama.